Goge ko Gogu? Nazarin Kalmomin Masu Gyaran Fentin Mota a Garin Azare

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Haka kowace sana'a take da nata kukan, wato kalmomin da masu yin ta suka keɓanta da su. Manazarta Hausa sun daɗe suna tattara kalmomin ƙira da jima da rini da saƙa da fawa, amma sana'o'in da suka zo tare da mota ba su samu irin wannan gata ba. Wannan ɗan rubutu zai dubi ɗaya daga cikinsu, wato sana'ar gyaran fentin mota, musamman ɓangaren da ake dawo wa tsohon fenti da sheƙinsa ba tare da an fesa sabo ba.

Ni da na koyi Hausa bayan harshen gidanmu, kunnena kan tsaya a kan kalmomin da ɗan gado yake wucewa bai waiwaya ba. Ɗaya daga cikinsu ita ce "goge". A bakin mai fenti wannan kalma tana iya nufin an gyara, tana kuma iya nufin an ɓata. Manufar rubutun ita ce in nuna cewa a wannan sana'a rashin tantance kalma yana jawo asarar dukiya, kuma Hausa tana da isassun kayan aikin da za a tantance ɗin da su.

2.0 Sana'ar da Inda Ta Fi Ƙarfi

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai ƙwararrun da ba su da wani aiki sai ƙalƙale mota ciki da waje. Inda aikinsu ya fi daraja shi ne a kan tsofaffin motocin tsere waɗanda 'yan kaɗan aka ƙera, masu hali ke saye suna adanawa kamar yadda gidan sarauta ke adana takobin kaka. Alal misali, kamfanin Ferrari na Italiya ya ƙera mota mai suna 250 GTO guda 36 kacal tsakanin 1962 da 1964, kuma da guduma aka buga jikinta na alminiyon, irin bugun da masu gyaran jikin mota ke yi a garejinmu. A 2018 an yi gwanjon ɗaya daga cikinsu a kan Dala miliyan 48.4. Haka kuma a watan Mayu na 2022 an sayar da Mercedes-Benz 300 SLR ta 1955, wadda biyu rak aka yi irinta mai rufi, a kan Yuro miliyan 135.

Masu tara irin waɗannan motoci suna matuƙar girmama wadda ba a taɓa sake mata fenti ba. A garin Pebble Beach na jihar Kalifoniya ana gasar kyawun motoci tun 1950. A 2024 motar da ta zo ta ɗaya ita ce Bugatti ta 1934, wadda ta taɓa zama mallakin Sarki Leopold na Uku na Beljiyam. An kawo ta da tabonta da alamun tsufanta, kuma wannan ne karo na farko da mota daga rukunin waɗanda ba a sabunta ba ta cinye gasar baki ɗaya. Darasin a fili yake: ana iya fesa sabon fenti sau goma, amma fentin asali sau ɗaya ake samunsa.

3.0 Ina Ruwan Azare?

Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada, ina Azare ina motar Yuro miliyan 135? Amsar ita ce, fenti duk fenti ne, kuma abin da ke cin na Turai bai kai wanda ke cin namu ba.

Azare ita ce hedikwatar masarautar Katagum, wadda Malam Ibrahim Zaki ya kafa a zamanin jihadi. Shi ya gina garin Katagum wajajen 1814, kafin a dawo da fadar Azare cikin shekarun 1910. Garin yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta bi ta Wudil ta wuce Potiskum da Damaturu zuwa Maiduguri, don haka garejin kanikawa da wuraren wankin mota ba sa yankewa a bakin titi. Motar da ke wannan yanki tana fama da abokan gaba huɗu. Akwai ƙurar hunturu, wadda ɓarɓashin yashi ce, da zarar an share ta da busasshen tsumma sai ta karce fenti. Akwai ranar bazara da kan haura digiri 40 a watan Afrilu, mai kodar da launi. Akwai kashin tsuntsaye da na jemagu da ke zuba a kan motar da aka ajiye a inuwar maina, wanda in ya kwana biyu yakan ci fenti ya bar tabo. Na huɗu shi ne garin sabulun wanki, wanda ke wanke duk wani kakin da aka shafa don kariya.

Mu ma muna da motocin da suka cancanci a adana. Kamfanin Peugeot, wanda Bahaushe ke kira fijo, ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma an ci gaba da fitar da 504 daga can har tsakiyar shekarun 2000. Wannan mota tana da tarihin tsere: ita ta cinye gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1975, 'yar'uwarta mai ƙofa biyu kuma ta cinye a 1978. Gidan da ya gaji tsohuwar fijo ko marsandi da fentinta na kamfani yana riƙe da abin tarihi, ko masu gidan sun sani ko ba su sani ba.

4.0 Yadda Fenti Yake da Yadda Ake Farfaɗo da Shi

Kafin a fahimci kalmomin, sai an fahimci aikin. Fentin motar zamani hawa-hawa ne. A kan ƙarfe akwai shimfiɗar da ke hana tsatsa, sai shimfiɗar da ke daidaita jiki, sai ta launi, sannan ta sama wadda garai-garai take kamar gilashi, ita ce mai sheƙi. Ana auna kaurinsu da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Duka hawan a haɗe yawanci tsakanin maikiron 100 ne zuwa 180, ta saman kuwa kimanin 35 zuwa 50. Takardar da muke rubuta jarrabawa a kai kaurinta kimanin maikiron 100 ne. Ke nan abin da mai guga yake aiki a kai bai wuce rabin kaurin takarda ba.

Da yawa daga motocin da aka ƙera kafin shekarun 1980 ba su da wannan shimfiɗa ta sama. Launin da sheƙin a haɗe suke. Gane su ba wuya: a ɗiga man guga a farin ƙyalle a murza a wani lungu, in ƙyallen ya ɗauko launin motar to fenti mai hawa ɗaya ne.

Fenti yana dusashewa ne saboda dubban ƙananan karce da ke warwatsa haske. Mai guga ba ya cike karcen. Yana rage fentin da ke kewaye da shi ne har ya sauko daidai da gindin karcen, haske ya koma dawowa kai tsaye. Wannan ya bambanta da aikin mabuga, waɗanda ke ƙara shuni a kan rawani ɗan Kura su buga har ya yi sheƙi. Ya fi kama da aikin mai goge likkafa da linzami da toka ana gobe hawan salla a Azare: kowace guga tana tafiya da wani abu daga jikin ƙarfen. Matakan aikin su ne:

(a) Wanki da bokiti biyu, ɗaya na kumfa ɗaya na ɗauraye soso, don kada yashin da aka ɗebo ya koma jikin mota.
(b) Cire dattin da ya manne, kamar kwalta da ɓurɓushin ƙarfe, ta hanyar murza wani curi mai danƙo a kan jiƙaƙƙen fenti.
(c) Auna kaurin fenti a kowane sashe. In jikin ƙarfe ne na'urar tana aiki da maganaɗisu. In alminiyon ne sai wata iri dabam. Wurin da awo ya yi sama sosai alama ce ta an taɓa cike shi an sake fesawa.
(d) Rufe robobi da kaifafan gefuna da tef, domin a gefe fenti ya fi sirantaka.
(e) Gwaji a ɗan ƙaramin wuri, ana farawa da man da ya fi laushi.
(f) Guga da inji, da mai gurza sannan mai laushi, a cikin inuwa, ana haska fitila ana dubawa.
(g) Shafa abin kariya, kamar kakin karnuba da ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a Brazil.

Ƙa'idar ƙwararru ita ce, karcen da farce ke maƙalewa a cikinsa ya yi zurfin da guga ba za ta fitar da shi ba. Irin wannan sai a rage masa kaifi a bar shi, domin garin neman gira kada a rasa ido.

5.0 Kalmomin Aro da Yadda Aka Hausantar da Su

Yawancin sunayen kayan aikin daga Ingilishi aka aro su, kuma sun bi hanyoyin da muka karanta a darasin tsarin sauti.

Na farko, sauya baƙi. Hausa ba ta da /p/ a matsayin ƙwayar sauti mai zaman kanta, don haka /f/ ke maye gurbinta: fenti, folish, fanel bita. Haka sautin da Bature ke furtawa da harshe tsakanin haƙora yakan koma /t/, kamar a tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi.

Na biyu, saƙa wasali. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, shi ya sa ake raba su: kwamfaresa, firaima. Akan kuma ƙara wasali a ƙarshe, kamar a fenti da gareji.

Na uku, naso da shafewa. A kalmar samfefa an shafe baƙi ɗaya daga tsakiya, sannan ɗan hancin da ya rage ya koma /m/ saboda maƙwabtaka da baleɓe.

Na huɗu, ƙarshen kalmomin da ke nuna mai aiki ko abin aiki a Ingilishi yakan koma -a: fenta, fila, bamba, tina.

Na biyar, kuma wanda ya fi ban sha'awa, shi ne sake fassara ginin kalma. Bahaushe ya ji gaɓar farko ta makanike, ya ɗauke ta kamar ɗafa-goshin ba- na Bakano da Bagobiri, sai ya ce bakanike, jam'i kanikawa. Kalmar da ta samu jam'i irin wannan ta zama 'yar gida.

Abin lura shi ne, kusan duk waɗannan sunaye ne. Idan aka zo kan aikatau, wato abin da hannu ke yi, Hausa ba ta yi aro ba. Wanke, ɗauraye, tsane, dirje, kankare, murza, shafa, fesa, duk nata ne.

6.0 Saiwar "gog-" da Giredojin Aikatau

A 1960 F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa zuwa giredi bakwai. Mu ɗora saiwar gog- a kan wasu daga cikinsu:

(1) Yaro ya goga mai a bonet. Giredi na 1: ya ɗora wani abu a kan wani.
(2) Mota ta gogi bango. Giredi na 2: ta shafi jikinsa ta wuce, an samu lahani.
(3) Yaro ya goge bonet. Giredi na 4: ya yi aikin gaba ɗaya.
(4) Direba ya gogo motar a tasha. Giredi na 6: a can abin ya faru, nan aka ga sakamako.
(5) Fentin ya gogu. Giredi na 7: aiki ya yi kyau, ya kai inda ake so.
(6) Fentin ya goge. Giredi na 4 maras karɓau: fentin ya tafi.

Dubi misali na (5) da na (6). Wasali ɗaya da karin sauti ne suka raba su, amma na farko albishir ne, na biyu kuwa jaje. Haka jimlar "Na goge fentin" tana da harshen damo, domin giredi na 4 yana ɗauke da ma'anar kammalawa da kuma ta kawarwa, kamar yadda ake goge takalmi ya yi ƙyalli, a kuma goge allo rubutu ya ɓace. Bugu da ƙari, rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti. "Ya goge ta" da karin sama-ƙasa giredi na 4 ne, ya tsabtace ta ke nan. Da karin ƙasa-sama kuwa giredi na 2 ne gaban wakilin suna, wato ya karce ta. Wanda ya aika da saƙon waya yana iya tayar wa maigidansa da hankali a banza.

Daga wannan saiwa aka samu guga da gogewa da magogi da gogayya, da kuma gogagge, wanda ake faɗa wa fenti da kuma mutumin da ya ƙware. Ashe Bahaushe ya daɗe da sanin cewa sai an sha murza ake yin sheƙi.

7.0 Sunayen Lahani da Amsa-kama

Inda aka fi samun saɓani tsakanin mai mota da mai fenti shi ne jimlar "A gyara mini fenti". Mai mota yana nufin a dawo da sheƙi, mai fenti kuma ya ji kamar an ce ya kankare ya fesa sabo, domin a nan ne ribarsa ta fi yawa. Kafin a ankara samfefa ta hau, fentin shekara arba'in ya bi iska. Da an yi amfani da kalmar da ta dace da hakan bai faru ba, domin Hausa ta rarrabe lahanin filla-filla:

Dusashe: sheƙi ya ragu, launi yana nan. Guga tana maganinsa.
Koɗe: rana ta ci launi. In fenti mai hawa ɗaya ne guga tana iya tono mai kyau daga ƙasa.
Karce ko kwarzane: layi ne a sama. Sai an duba zurfinsa.
Gurje: wuri mai faɗi ya murje, wani lokaci har shimfiɗar ƙasa.
Ɗaye ko ɓamɓare: shimfiɗar sama ta rabu da ta ƙasa. Guga ba ta da amfani, sai feshi.
Kumbura: tsatsa ce ke turowa daga ciki. Aikin mai gyaran jiki ne.

Saboda haka tambayar da ta kamaci gogaggen mai sana'a ita ce irin wannan: "Alhaji, ranka ya daɗe, guga kake so ko feshi?" Shi kuma mai mota amsarsa ta zama: "Oga, dusashewa ta yi, a goge ta da hankali, kada samfefa ta taɓa ta."

Amsa-kama ma tana da rawar da take takawa wajen bayyana sakamako. An wanke ta tas yana nufin ba datti. Ta fita fes ya shafi kyan gani. Jikinta sumul na hannu ne, ba gargada. Tana wal-wal na haske ne. Ja zur, baƙi ƙirin, fari fat da kore shar kuwa suna nuna launi ya cika. Kowanne da matakin aikin da yake yi wa shaida: tas ta wanki ce, sumul ta cire datti, wal-wal ta guga.

8.0 Shawarar Wasu Keɓaɓɓun Kalmomi

Akwai abubuwan da wannan sana'a ke buƙatar a raɗa musu suna. Tun da littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa na 1990 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 sun nuna mana cewa raɗin suna aikinmu ne, ga abin da nake ba da shawara:

Ƙalƙale mota: tsabtace ta lungu-lungu, ciki da waje.
Farfaɗo da fenti: dawo da sheƙin fentin asali ta hanyar guga.
Marufin fenti: shimfiɗar sama mai garai-garai.
Saƙar gizo: ƙananan karcen da ke bayyana a kewaye idan rana ta haska.
Ɓawon lemo: gargadar da feshi maras kyau ke bari.
Man gurza da man sheƙi: mai kaushi da mai laushi.
Faifan guga: soson da ake ɗaura wa inji.
Ma'aunin kauri: na'urar auna fenti.

An gina su ne ta hanyar harɗa kalmomi da faɗaɗa ma'ana, irin hanyar da ta ba mu jirgin sama da gidan waya da a-kori-kura. Sai dai kalma ba ta zama kalma don ɗalibi ya rubuta ta a mujalla. Sai masu sana'a sun karɓe ta, sun furta ta a bakin aiki.

9.0 Kammalawa

Wannan rubutu ya yi bayanin sana'ar farfaɗo da fenti da darajarta a duniyar motocin tarihi, ya kuma dubi yanayin da mota ke ciki a Azare. An ga cewa sunayen kayan aiki na aro ne, aikatau da amsa-kama kuwa na gida, kuma a cikin na gidan ne bambancin da ke tsare dukiya yake.

Ga aikin da nake roƙon 'yan'uwa ɗalibai su gwada a wannan hutu. Kowa ya je garejin da ke kusa da shi, ya gaida maigidan wurin, ya nemi izini, ya rubuta kalmomi ashirin tare da jimlar da ya ji kowace a ciki. Ya ɗora saiwar fes- da shaf- da kankar- a kan giredoji kamar yadda aka yi wa gog- a nan. Waɗanda suke ƙasar Katagum su saurara da kyau su ji ko Guddiranci yana da nasa kalmomin da suka saɓa wa na Kano. In kuma a gidanku akwai tsohuwar fijo da aka lulluɓe da tamfol, kafin a kai ta gareji a tsaya a tantance: dusashewa ta yi, ko ɗayewa?